Wasiƙa daga Arewacin Norwe: Kifin Teku Ma Yana da Kakarsa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida, musamman alhazanmu masu sarin kifi a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, da iyayenmu mata da suke zuwa sayen guda biyu ko uku domin miyar dare.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku ne daga Tromsø, birnin da rana ba ta fitowa a cikinsa tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa tsakiyar Janairu, game da abin da ke sa kuɗin katan ɗin kifin ƙanƙara ya hau ko ya sauka. A gida, da zarar katan ya tashi sai kowa ya ɗora laifin a kan dala, kuma ban ga laifin mai wannan zargi ba, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 babu kayan waje da bai ji a jikinsa ba. Sai dai kafin dala ta taɓa kifin nan, teku ya riga ya yanka masa kuɗinsa watanni da suka wuce, a wani wuri mai nisan dubban kilomita daga kasuwarku.

Manomi ya san hatsi sau ɗaya yake shigowa a shekara, abin da aka tara a rumbu da kaka kuma shi za a ci har wata kakar. Haka lamarin titus yake, wato kifin ƙanƙarar nan da Turawa suke kira mackerel. Kifin yakan shafe watannin ɗumi yana kiwo a Tekun Norwe, yana tara kitse, sai daga Satumba zuwa Nuwamba kitsen ya ratsa tsokarsa har ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa. A cikin waɗannan 'yan makonni ne manyan jiragen kamun kifi na ƙasar nan suke kama kaso mai tsoka na abin da aka ware musu na shekara. Tun jirgi yana tsakiyar teku matuƙinsa yake sanar da yawan abin da ya kama da girmansa, sai a yi gwanjonsa ta intanet ƙarƙashin ƙungiyar masunta da ake kira Norges Sildesalgslag, wadda ke da cibiya a Bergen, masana'antar da ta fi tayi mai tsoka kuma ita jirgin zai nufa. Can za a ware kifin bisa girma, a daskarar da shi a katan mai kilo 20, a jibge a ɗakunan sanyi.

A nan ne iska take shigowa cikin ciniki. Ba a iya zagaye garken kifi da taru idan raƙuman ruwa sun yi tsayi, don haka guguwar kwana uku ko huɗu takan tsare jirage a tasha, alhali masana'antu sun riga sun ɗauki ma'aikata, sun kuma yi wa abokan cinikinsu alkawarin kaya. Ranar da iska ta lafa, jiragen farko da suka shigo sukan samu tayi mai zafi, domin kowa yana neman abin da zai tayar da injinsa. Masu saye daga Japan da Koriya ta Kudu su ne suka fi kowa ƙarfin aljihu, manya masu kitse suke bi, kuma kuɗin da suka amince da shi a watan Oktoba shi yake zama ma'aunin da ake auna na sauran masu saye, har da na Afirka ta Yamma, waɗanda sukan karkata ga matsakaici da ƙanana. Akwai wani zagayen kamu a Janairu da Fabrairu a yammacin Sikotland da Ayalan, inda jiragen waɗannan ƙasashe da na Holan suke bin kifin a hanyarsa ta zuwa zubar da ƙwai, kuma titus mai yawa da ke sauka a Legas daga can yake fitowa. To, waɗannan watanni biyu suna cikin waɗanda suka fi munin guguwa a wannan yanki na Tekun Atlantika.

Wannan duk maganar mako ɗaya ko biyu ce. Abin da ya fi damuna, kuma nake ganin bai isa kunnen 'yan kasuwarmu yadda ya kamata ba, shi ne sauyin da ke tafiya a hankali. Tun wajen 2007, da ruwan arewa ya ƙara ɗumi, titus ya fara kutsawa ruwan Aisland da yawa, ƙasashen da ke kamunsa suka kasa daidaitawa kan rabo, kowace ta riƙa yanka wa kanta kaso, jimillar kamun kuma ta shafe shekaru tana zarce abin da masana suka ce tekun zai iya ɗauka. A ƙarshen Satumbar 2025 majalisar masana binciken teku ta ICES, mai mazauni a Kofanhagen, ta ba da shawarar a rage kamun titus na 2026 da kashi 70 cikin 100. Ko ƙasashen sun bi shawarar baki ɗaya ko sun bi rabinta, kayan da za a yi gwanjonsa ya ragu, mai sayen Tokyo kuwa ba zai janye don mai sayen Legas ya samu ba. Ko naira ta farfaɗo gobe, wannan tsadar tana nan.

Labarin busasshen kifin nan mai tauri da kawunansa, wanda 'yan uwanmu 'yan kudu suke sayarwa a Sabon Garin Kano suna kiransa okporoko, ya fi nuna yadda sana'ar take rataye a wuyan yanayi. Kifin da ake yin sa da shi, wanda mutanen nan suke kira skrei, yana tasowa daga Tekun Barents ne tsakanin Janairu da Afrilu, ya gangaro gaɓar Senja da Vesterålen da tsibiran Lofoten domin zubar da ƙwai. Ƙananan jirage ne suke kama kaso mai yawa daga cikinsa, su kuma iska ba ta buƙatar yin tsanani sosai kafin ta hana su fita. Guguwar da aka sa wa suna Ingunn, wadda ta afka wa gaɓar ƙasar a ƙarshen Janairu da farkon Fabrairun 2024, ta zo ne daidai lokacin da ake shiga wannan kamu. Bayan an kama, ana rataye kifin a kan manyan katakai a fili daga Fabrairu har zuwa Mayu ko Yuni, babu gishiri babu hayaƙi, iska da sanyi kaɗai ke aikin. Ana son sanyin ya tsaya kusa da digiri 0. Idan ya yi tsanani, ruwan jikin kifin ya daskare ya farfasa tsokar. Idan ɗumi ya zo da wuri, ƙudaje su sauka, ko cikin kifin ya yi tsami kafin ya bushe. Mafi kyawunsa Italiya ake kaiwa, Nijeriya kuma ta kwashe kawuna da masu ƙaramar daraja, don haka shekarar da bushewa ta yi kyau ba lallai ba ne ta zama shekarar arha a wajenmu. A kan wannan kuma ga raguwar kifin kansa: adadin kamun shekara da Norwe da Rasha suke yankewa tare ya sauko daga tan 885,600 a 2021 zuwa tan 340,000 a 2025, kowane kifi kuwa kai ɗaya gare shi.

Masu kiwon tarwada kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. A 2023 ɗumamar ruwan da ake kira El Niño ta sa ƙasar Peru ta soke zagayen farko na kamun ƙananan kifin da ake niƙawa a yi garin kifi da man kifi, kuɗinsu ya tashi a kasuwar duniya, wannan garin kuma yana cikin buhun abincin da kuke zuba wa tarwadarku.

Idan aka ɗora lokutan teku a kan namu na gida, za a ga inda matsin yake. Da damina ta kankama, ruwa ya cika fadamun Haɗeja da Nguru, kifi yakan bazu cikin ciyawa ya yi wuyar kamu, itacen banda ya jiƙe, wanda aka ƙyafe ma ya riƙa yin fumfuna saboda laima. A daidai waɗannan watanni, wato Yuli zuwa Satumba, titus ɗin bara yana gab da ƙarewa a ɗakunan sanyi, sabo kuma bai shigo ba, ga kuɗin man dizal da aka ƙona tun zafin Maris da Afrilu duk an ɗora a kan katan ɗin da ya rage. Sauƙi yakan fara zuwa ne bayan ruwa ya soma janyewa, lokacin da banda ta cika kasuwa, kwantenonin kamun Oktoba kuma suka kammala makonninsu a teku da jiran fita daga tashar Apapa. Wanda yake da jari da amintaccen ɗakin sanyi, a ganina wannan ne lokacin da ya fi dacewa ya yi babban sari. Wanda wutarsa ba ta da tabbas kuwa gara ya riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, domin kifi mai kitse ba ya yafe narkewa da sake daskarewa: maiƙonsa yakan canja launi ya koma rawaya, warinsa ya tashi, mai saye ya gane tun kafin ya sa a tukunya.

Ina kuma roƙon alhazanmu su riƙa duba takardar da ke manne a jikin katan kafin su biya, domin akan rubuta ƙasar da kifin ya fito da ranar da aka daskarar da shi. Titus ɗin Oktoba da na watannin bayan zubar da ƙwai suna iya zuwa da girma ɗaya a katan iri ɗaya, amma na biyun ramamme ne, ya ƙone kitsensa a hanya, bai kuma kamata dillali ya karɓi kuɗin na farkon a kansa ba.

A gaishe da iyali da abokan sana'a baki ɗaya. Wassalam.

Naku,
Ɗan uwanku mazaunin Tromsø