Kafin ka biya kuɗin gida a Kano, nemo mai safiyon da ya san unguwar

Yawancin gidajen da ake sayarwa yanzu fenti ne yake sayar da su, an yi sabon filasta an sa tayil, mutum ya shiga falo ya ji ya kwanta masa a rai, dillali na gefe yana ta Alhaji wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe. To ni dai a ganina kafin a kai ga zama gaban mai unguwa da shaidu, a nemo mai safiyo, wato ma'aunin filaye, kuma ba kowanne ba, wanda ya daɗe yana awo a wannan yankin.

Kano fa gari ne na kududdufai. Ƙasar da aka gina badala da tsoffin gidajen cikin gari a nan aka haƙe ta, ramukan suka zama matattarar ruwan damina, yanzu kuwa da yawansu an cike su da bola da ɓaraguzan gini an yanka fuloti an ɗora gidaje har da benaye. Na'urar awo ko a hannun wa take za ta ba ka tsawo da faɗi daidai, amma ba za ta gaya maka a da yara suna kamun kifi a daidai inda kicin yake ba. Ɗan yankin ne zai tsaya a bakin layi ya ce a'a, nan ai kududdufi ne da, ruwan unguwar nan duk nan yake gangarowa.

Na taɓa raka wani abokina duba gida, mai safiyon da ya ɗauko dattijo ne, ko kallon silin bai yi ba, bayan gida ya zagaya ya durƙusa ya shafa ƙasan katanga, sai ga farin gishiri yana zubowa daga ƙarƙashin sabon fentin. Ya sa aka ɗaga murfin sokawe, ruwa ya kusa baki, a cikin Maris fa, ana tsakiyar rani. Daga nan ya je wajen mai shayin layin ya zauna kamar mai jiran wani, ya tambaye shi ina ruwa yake kaiwa a watan Agusta, mai shayi ya nuna masa gwiwarsa. Ya dawo ya ce wa abokina, Alhaji in ka matsu ka saya, amma ka kira injiniya ya duba fandisho tukuna, ni aikina ƙasa ne.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ta fi cin mutane. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, ba C of O ba ce, wato takardar mallakar fili da gwamnati take bayarwa. Unguwannin awon igiya kuwa Allah ya yi yawa da su a gefen gari, manomi ya yanka gonarsa ya sayar ba hanya ba kwata, wani fulotin ma ya ci rabin titin da ke cikin taswirar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ko yana ƙarƙashin babban layin wuta. Mai safiyon da ya saba shiga ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ya san fayil ɗin da zai nema, ya ɗauki lambobin awon gidan ya ɗora kan taswirar gwamnati a gani ko sun hau. Duk wanda ya ga rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a 2023 a Filin Idi da Daula Otel ya san asalin fili ba abin wasa ba ne.

Ka tambaye shi lambar rajistarsa ta SURCON, hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista a Najeriya, don akwai masu yawo da tef da GPS a waya suna kiran kansu safeya, takardarsu ba inda za ta je. Ka tambaye shi kuma ayyukan da ya yi a unguwar, in ya fara kame-kame ka san na Hotoro ne aka kai shi Ɗorayi.

Kada kuma ka yarda dillali ya kawo maka nasa, shi la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa. Kai za ka nemo naka, ku yi tsada tun farko, ka biya shi ko an saya ko an fasa.