Gidan Bakin Kududdufi: Yadda Na Bi Sawun Tarihinsa

Aikin kammala digiri ne ya kai ni gidan, lokacin da nake karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda aka nemi kowane ɗalibi ya zaɓi tsohon gini, ya auna shi, ya zana taswirarsa, sannan ya rubuta tarihin hannayen da ginin ya bi. Na zaɓi gidan wani attajirin da a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana, wanda bayansa ya jingina da wani babban kududdufi da ba ya ƙafewa ko da bazara.

Ranar farko na yi wauta. Na shiga zaure da tef da littafi a hannu, na gaida dattijon da na tarar, na ce, "Baba, gidan nan na wane ne?" Ya dubi tef ɗin, ya ce, "Na Allah ne," ya ci gaba da jan carbinsa. Ashe akwai ɓangaren da magada ba su gama daidaitawa a kansa ba, kuma a irin wannan gida duk baƙon da ya zo da abin awo ana ɗaukarsa ɗan aiken kotu ko dillali. Sai da na koma ta hannun mai unguwa, ya haɗa ni da yaronsa, aka bar ni na wuce shigifa.

Zauren shi ne mafi tsufa. Bangonsa na tubali ne, mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, rufin kuma daurin guga ne, wato bakunan gizo da suka haɗu a tsakiya. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, saboda haka faɗin ɗaki irin wannan yana nuna gwanintar magini da kuma nauyin aljihun mai gida. Mutanen gidan sun ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Na rubuta wannan a matsayin abin da iyali ke faɗa, domin tsofaffin zauruka da yawa a birni ana jingina su gare shi, kuma zuriyarsa da almajiransa sun ci gaba da sana'ar bayansa.

Batun ruwan kuwa, wata tsohuwa da aka kawo gidan tana amarya ce ta warware mini shi. Na ce mata mai gidan ya iya zaɓen wuri, tun da ya yi gini a bakin ruwa. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai gidan ne ya haifi kududdufin." Daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubali, kuma duk shekarar da aka yi yaɓe ko aka ƙara ɗaki ramin ƙara zurfi yake yi. Da ban zauna da ita ba, da na rubuta tarihin a baibai.

Benen da ke can baya daban yake, domin rufinsa na kwano ne, ƙofofinsa na katakon inji, tagoginsa kuma suna kallon ruwa, alhali gidan Bahaushe tsakar gida yake fuskanta. Irin waɗannan kaya sun yawaita ne bayan layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma hakan ya dace da labarin cewa ɗan mai gidan ne ya gina benen da ribar auduga. Katangun bulo da suka yanka tsakar gidan gida uku kuwa rabon gado ne ya kafa su, kuma da na auna kowane kaso sai na ga rabon namiji biyu, na mace ɗaya, ya fito a ƙasa kusan yadda yake a littafin fiƙihu.

Takardu ne suka fi ba ni wuya. An nuna mini takardar ciniki guda da ajami, mai sunayen shaidu, wadda ta bayyana iyaka da bishiyar tsamiya da aka daɗe da sarewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma a duk gidan kason da aka sayar wa baƙo ne kaɗai yake da takardar shaidar mallaka, sauran kuwa shaidarsu maƙwabta ne da mai unguwa.

Na yi awon farko da rani, na ɗauka na gama. Da na koma a watan Agusta sai na tarar ruwa ya hau gindin bangon baya, saboda sharar da ake zubawa ta cike rabin kududdufin ta turo ruwan gida. Wajen da aka shafe da siminti shi ne ya fi lalacewa, domin simintin ya hana danshi fita, ƙasar ta ruɓe daga ciki, yayin da ɓangaren da ke da sauran makuba, wato shafen gargajiya na ɓawon ɗorawa, yana nan daram. Dole na sake zana wannan gefen gaba ɗaya, na sa layin da ke nuna inda ruwa ya tsaya a wannan damina.