Gwaji Ɗaya Ba Ya Isa Shaida a Ɗakin Gwajin Sinadarai

Ƙannena masu karatun kimiyyar sinadarai a makarantun Bauchi, kun san cewa yawancin sinadarai masu ɗauke da kabon suna da wani ɓangare a jikin ƙwayarsu wanda ke ba su halinsu, kuma da shi ake bambance alkohol da aldihayid da kiton da asid. Abin da ban fahimta ba lokacin da nake ɗalibi shi ne, canjin launi guda a kwalbar gwaji yana rage yawan waɗanda ake zargi ne kawai, ba ya kama mai laifi.

Ruwan buromin ne ya fara kunyata ni. An ba ni samfuri marar suna, na ɗiga masa ruwan, launin lemon ya ɓace, ni kuwa nan take na rubuta cewa akwai ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon (C=C). Na ga wani farin gari ya kwanta a gindin kwalbar, amma na ɗauke shi datti. Ashe finol ne, sinadari mai rukunin OH a maƙale da zoben benzin, domin shi ma yana kashe launin buromin, kuma farin garin nan shi ne shaidarsa. Da na bi da ruwan FeCl3, wato ferik kulorayid, da launin shunayya ya fito ya warware maganar. Ku kuma lura cewa a zafin Maris da Afrilu buromin yakan tsere daga kwalbar da ba a rufe da kyau ba, saboda haka ku dubi launin ruwan kafin ku yarda da shi.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo na wanki ne. Don kwalabe su bushe da wuri, na ɗauraye su da asiton, na manta cewa asiton kansa kiton ne. Da na zuba 2,4-DNPH, wanda ke fitar da gari mai ruwan ɗorawa ko na lemo idan akwai aldihayid ko kiton, sai kowane samfuri ya amsa, har da alkohol ɗin da bai kamata ya motsa ba. Tun daga nan ba na gwaji sai na ajiye kwalabe biyu a gefe, ɗaya da sinadarin da na tabbata zai amsa, ɗaya da ruwan gwajin kaɗai, don in sami abin kwatantawa.

Ku tsara gwajin ta yadda kowane mataki zai share wa na gaba hanya. Ku fara da NaHCO3, wato sodiyom baikabonet: idan kumfa ya taso, kamar yadda kanwa ke yi a ruwan tsamiya, to asid ne mai rukunin COOH, domin finol ba ya tayar da wannan kumfa duk da ɗan tsaminsa. Idan 2,4-DNPH ya amsa, sai ku raba aldihayid da kiton da ruwan Tollens, wanda ke shafe cikin kwalba da madubin azurfa idan aldihayid ne. Ruwan Fehling, wanda Bajamushe Hermann von Fehling ya samar a 1849, yana sauyawa daga shuɗi zuwa ja irin na jan bulo idan aldihayid ne, sai dai benzaldihayid, wanda shi ma aldihayid ne, ba ya amsa masa alhali yana amsa wa Tollens, don haka shirun Fehling bai isa ku kore aldihayid ba. A ɓangaren alkohol, dayikuromet mai asid yana komawa kore daga launin lemo idan ya haɗu da alkohol mai daraja ta ɗaya ko ta biyu, amma mai daraja ta uku ba ya taɓa shi (darajar ita ce yawan kabon da ke haɗe da kabon mai ɗauke da OH). Gwajin ayodofom kuwa yana raba itanol, mai fitar da rawayan gari, da metanol wanda ba ya fitar da komai.

Game da Tollens, na taɓa haɗa shi da yawa da niyyar ajiye ragowar zuwa washegari, sai da mai kula da ɗakin gwajin ya ƙwace kwalbar daga hannuna. Idan ruwan ya daɗe a ajiye, yana haifar da wani sinadarin azurfa mai iya fashewa. Ku haɗa daidai abin da za ku yi aiki da shi a kwalba mai tsabta ƙal, domin mai maiƙo baƙin gari take bayarwa maimakon madubi, kuma da kun gama ku kashe ragowar da tsarmamammen asid na nitirik kafin ku zuba shi inda aka tanada.