Sunan lemu ya yi tafiya mai nisa

Jiya da yamma na tsaya wajen mai lemu a bakin titinmu, yana fere mini guda uku da 'yar wuƙarsa, ɓawon yana sauka zare guda bai tsinke ba. Ina kallonsa sai tunanin sunan ya faɗo mini. "Lemu" ɗinmu daga Larabci ne, laimun, kuma daga can Sifaniyawa suka samo limón, Italiyawa limone. Sai dai su lemun tsami kawai suke nufi, mu kuwa har na kwalba mun haɗa.

Na zaƙi ne ya fi burge ni. A tsohon harshen Indiya, Sanskirit, ana ce masa naranga. Ya bi ta Farisa, Larabawa suka ce naranj, Sifaniyawa suka ce naranja. Kafin ya isa Faransa da Ingila harafin "n" na farko ya zube a hanya, ya koma orange.

Girkawa kuwa portokali suke cewa, 'yan Romaniya portocală, domin fataken Fotugal ne suka yaɗa mai zaƙin a Turai a ƙarni na 16. Har Larabawa suka karɓo, burtuƙal. Jamusawa suna da Apfelsine, Rashawa apelsin, wato tuffar Sin, ƙasar da itacen ya fito.

Tanjarin kuma sunan birnin Tanja ne na Maroko. Da na faɗa wa mai lemun, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ashe daga nesa kayana suke," ya ƙara mini ɗaya gyara.