Allurar safe da yamma a birnin Bonn

Karatu ne ya kawo ni Jamus daga Daura, amma abin da ya zaunar da mu a Bonn, ya sa muka koyi Jamusanci ala tilas, shi ne ciwon ɗanmu na fari. Yana fara rarrafe muka lura gwiwoyinsa suna kumbura, jikinsa yana yin tabo baƙi-baƙi ko bai buge da komai ba. Gwaji ya nuna yana da himofiliya mai tsanani, wato jininsa ba shi da sinadari na 8 cikin sinadaran da ke daskarar da jini. Da likita ta tambayi tarihin dangin uwa, maiɗakina ta yi jim, sannan ta ce kawunta tun yana yaro ya rasu bayan kaciya, jini ya ƙi tsayawa. A gida an ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, sai dai ba wanda ya san cewa ciwon gado ne da mata ke ɗauke da shi, ya bayyana a jikin 'ya'ya maza.

An fara yi masa allurar sinadarin ta jijiya, muka samu sa'ida na 'yan watanni, amma ba a kai allura ta ashirin ba maganin ya daina ci. Garkuwar jikinsa ce ta ɗauki sinadarin a matsayin baƙon da ya faɗo gida ba sallama, ta shiga lalata shi da zarar an sa. Hakan na samun kusan kashi 30 cikin 100 na yaran da ciwon ya tsananta gare su.

Mafitar da aka kawo ta ɗaure mini kai, domin cewa aka yi a ƙara yawan abin da jikin ke ƙi, a riƙa ba shi safe da yamma ba fashi, har garkuwar ta saba ta ƙyale shi. A nan Bonn aka ɓullo da wannan hanya, aka bayyana ta a 1977, kuma takan yi nasara ga kimanin yara bakwai cikin goma, bayan watanni ko ma fiye da shekara biyu.

An dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji don kada a yi ta laluben jijiya. Maiɗakina, wadda a da ko yankan kaza ba ta iya kallo, ita ke yin allurar bayan sallar asuba, cikin duhun hunturu, ta sa safar hannu, yaron yana cinyata ina yi masa wasa. Kwalaben maganin suna cikin firji, gefen ƙullin daddawar da aka aiko mana. Duk lokacin gwaji mukan jira alƙalumman Betesda, ma'aunin ƙarfin wannan kishiyar magani, kamar sakamakon jarrabawa, muna fatan su sauka ƙasa da 0.6. A wata na goma sha huɗu suka sauka.

Tsawon wannan lokaci ba mu taka Daura ba, sallar Gani ta wuce mu, Hajiya tana ta tambaya a waya yaushe za a kawo mata maigidanta. Makon jiya ƙanwar maiɗakina ta haifi namiji, ta kira ta ce, "Yaya, an sa wanzami ya zo ranar suna." Na roƙe ta da girman Allah kada aska ta taɓa shi, ko cire beli ne, sai an kai shi Katsina an auna jininsa.