Tarihin Rayuwata, Kashi na 8: Ranar da Muka Kai Waƙa Karofi

A makon jiya na tsaya a inda mai hoton bikin da nake riƙe wa fitila ranakun Asabar ya yarda ya ara mini kyamararsa ta yini ɗaya, bayan na yi masa biki huɗu ban karɓi ko sisi ba. Canon 600D ce, da gilashi ɗaya tak mai lamba 50. Da ya miƙo jakar bai saki igiyar nan da nan ba, sai da ya dube ni ya ce, "Idan ta faɗi, kar ka dawo mini da labari, ka dawo da kuɗi." Na ce in sha Allahu. A zuci kuwa lissafi nake: ɗan abin da Alhajinmu yake ba ni a shagon Kantin Kwari, ko na shekara na tara ba zai saye ta ba.

Farkon 2013 ne, ana tsakiyar hunturu. Wanda yake Kano a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Ba a daɗe da hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja ba, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero a watan Janairu. Shingen bincike ko'ina, kuma duk wanda ya zaro kyamara a bakin titi sai idanu su yi caa a kansa. Don haka na cusa jakar cikin ledar shadda, kamar mai kai saƙon yadi, muka tari adaidaita.

Ni da taubashina ne, ɗan ƙanwar Alhaji. Shi ne mai waƙar. Ya yi ta a wani situdiyo a Zoo Road, irin waƙoƙin lokacin: fiyanon Yamaha, murya an wanke ta da na'ura har ta koma kamar ta sarewa, soyayya daga farko har ƙarshe, minti huɗu. Abin da yake so a bidiyo kuma sananne ne. Mota, baƙin tabarau, 'yan amshi suna juyi, da ƙofar wani gida a Nasarawa da za a jingina da ita kamar ta gado ce. Ba shi da kuɗin ko ɗaya daga ciki. Na ce zan yi masa kyauta, sharaɗin kawai ya bar ni in yi yadda na ga dama. Ya ce da babu gara ba daɗi. Bai tambayi wurin ba sai da muka sauka a Ƙofar Mata.

"Karofi? Kai bawana, rini na ce maka zan yi ko waƙa?"

Na ce masa bawa ba ya tambayar ubangidansa, ya wuce mu je.

Na daɗe ina zuwa wurin nan ba da wani dalili ba. Allon bakin ƙofa ya rubuta 1498, amma ni ba tarihin ne yake kawo ni ba. Abu ɗaya ne: idan marini ya ɗago zane daga rami, ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, mai ratsin ɗorawa, sai ya sha iska sannan ya fara juyewa a kan idonka. Ganyen baba da toka da kanwa ne a cikin ruwan, sun yi kwanaki suna ruɓa, amma launin sai iska ta taɓa shi yake bayyana. Tun ina ɗaukar bidiyo da wayar Nokia nake son kama wannan juyewar, wayar ba ta taɓa iyawa ba.

Wani dattijo ne a bakin ramin da na fi so, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu, faratansa kamar an yi musu lalle da tawada. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo mu. Ya leƙa bayana ya ce, "To ina Baturen?" Na ce babu Bature, Baba, mu ne. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya tambaye ni ɗan gidan wane ne. Na faɗi sunan Alhaji da unguwarmu ta asali a cikin birni. Ya tsayar da hannunsa cikin ruwa, ya dube ni tsawon lokaci, ya ce, "Allah sarki. Yi aikinka, ɗan nan." Ban kawo komai a raina ba.

Ga dabarar da na shirya, wadda na kwana uku ina taƙama da ita. Bidiyon da muke kallo a nan hoto 25 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Ita kyamarar, in ka rage girman hoton zuwa 720, tana ɗaukar 50. In ka ɗauka a 50 ka shimfiɗa shi a 25, komai sai ya koma tafiyar hawainiya, ɗigon ruwa ma ka ga yana saukowa a hankali. Matsalar ita ce bakin mawaƙi zai saɓa da waƙa. Maganinta kuwa ka ninka saurin waƙar a kwamfuta, minti huɗu ya dawo biyu, mawaƙin ya bi ta a haka. In ka rage gudun hoton daga baya, sai baki ya faɗa daidai kan kalma, jiki kuma yana motsi kamar a mafarki.

A takarda abin ya yi kyau. Abin da ban lissafa ba shi ne yadda waƙar za ta fito daga lasifikar waya a gaban mutane. Ina dannawa sai ga wata murya siririya, tsiii, kamar ɓeraye suna rigima a rumbu. Marina suka ɗago kai. Wani yaro da ke shanya ya ce, "Wallahi waƙar aljanu ce!" Kafin ka ce kwabo yara sun zagaye mu. Taubashi, cikin farar shaddarsa ta Sallah da tabarau, yana ta ƙoƙarin bin baitin, leɓensa na rawa kamar mai jin sanyi, harshe na harɗewa. Sau tara muna sakewa. A na goma ya ja da baya don ya ba ni fili, diddigensa ya zame a bakin rami, ya dafe ƙasa, ruwan baba ya fantsamo masa daga ƙirji har cinya.

Ni dai kyamara na rungume. Ban ko kai masa hannu ba, kuma har yau yana goranta mini.

Ya tsaya yana kallon rigar kamar zai yi kuka. Dattijon nan bai yi dariya ba. Ya ce, "Samari, ba a zuwa karofi da farin kaya. Amma tunda ta taɓa, cire ka kawo. Rabin rini shi ne ɓarna."

Abin da na ɗauka daga nan shi ne bidiyon. Farar riga tana nutsewa cikin kumfa. Hannun tsoho yana juya ta a ƙarƙashin ruwa, ba ka ganin komai sai kafaɗarsa na aiki. Ya ɗago ta koriya, ya ware ta a iska, ta juye. Ya mayar, ya sake ɗagowa. Kowane tsomi da irin shuɗin da yake bari. Taubashi yana tsugune a gefe da singileti, sanyi na kaɗa shi, ya cire tabarau, yana bin waƙarsa a hankali don haushi, ba don ni ba. Wannan fuskar ta fi duk wadda ya shirya a madubi. Zuwa azahar rigar ta yi launin sararin sama bayan ruwa.

Kafin mu tafi na leƙa ɗakin mabuga. Suna zaune a gaban gungumen icce, kowa da tabaryarsa mai nauyi, suna bugun shadda don ta yi ƙyalli, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ba mai karo da wani. Na ajiye waya a ƙasa na naɗi sautin minti biyar. A ganina duk fiyanon Zoo Road babu mai kiɗan da ya kai wannan zama daram, amma wannan ra'ayina ne, kada masu situdiyo su neme ni.

Haɗawa ta ci dare uku, galibi saboda wuta. Tsohuwar kwamfutata batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta sai ita ma ta mutu, in koma inda na yi ajiya ta ƙarshe. Na cire kiɗan farkon waƙar gaba ɗaya na sa bugun mabuga, daƙiƙa talatin babu murya, sai hannu da ruwa.

Da na nuna masa, shiru ya yi har ta ƙare. Sannan ya ce, "Ina fuskata?" Na ce ga ta nan. Ya ƙirga da agogon waya: daƙiƙa arba'in cikin minti huɗu. Ya ce wannan ba bidiyon waƙa ba ne, tallar rini ce, kuma in biya shi shaddarsa. Duk da haka ya karɓa, don ba shi da wani. Ya kai wa masu tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre, suka matse shi zuwa 3GP don ya shiga ƙananan wayoyi, faɗin hoto 176, tsayi 144. Da na gani a wayar wani sai da cikina ya juya. Shuɗin da na yi dare uku ina lallaɓawa ya koma dabbare-dabbare, allon kamar akwatin ashana. Na ce shi ke nan, na huta, ba wanda zai kalla balle a san ni na yi. Wannan ya fi mini, domin a gidanmu, tun hayaniyar da aka yi kan 'yan fim a 2007, kalmar "ɗan fim" zagi ce.

Bayan kamar mako biyu, ina shago ina auna wa wata mata yadi biyar, sai na ji bugun mabuga yana tashi daga bayan kanta. Yaron shagonmu ne, an tura masa ta Bluetooth. Kafin in yi masa ido ya kashe, Alhaji ya miƙa hannu daga kan kujerarsa.

"Kawo nan."

Ya gyara tabaransa, ya kusanto da wayar har tana neman taɓa hancinsa. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce a mayar masa farko. Almakashi na hannuna, na kasa yanka, matar tana ta ce mini malam ina sauri. Ya wuce fuskar ɗan ƙanwarsa bai ce uffan ba. Da aka zo kan hannun dattijon sai ya sa babban yatsa ya tsayar da hoton.

"Wa ya ɗauki wannan?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji."

"Shi ya ce maka ka zo ramin nan, ko kai ka zaɓa?"

Na ce ni na zaɓa.

Ya miƙa wa yaron wayarsa, ya laluba takalminsa da ƙafa, ya ɗauki hularsa daga kan bandir.

"Sallami baiwar Allah. In an yi la'asar ka rufe shagon, za ka raka ni Ƙofar Mata."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.