Wayar da na haɗa wa Hajiya a tsakar gida

A gidanmu da ke Tudun Wada, nan Zariya, an taɓa samun wayar tangaraho ta NITEL mai lambar da ke farawa da 069, kuma har yau igiyarta tana nan maƙale a bangon falo, ko da yake an daɗe da daina amfani da layin bayan shigowar wayar salula ta GSM a 2001. Hajiya mahaifiyarmu ta saba da waccan wayar mai nauyi a hannu, amma wayar shafa da muka saya mata ta zame mata abin fargaba, domin sau da yawa takan katse kira a wurin ƙoƙarin amsawa, ga kuma idanunta da suka yi rauni. Wannan ne ya sa na je unguwar PZ a Sabon Gari na sayo mata waya marar igiya mai manyan maɓallai, tare da ɗan akwatin da ake sa wa layin salula, wanda ake jona gindin wayar a jikinsa kamar yadda ake jona shi a layin tangaraho.

Irin wannan waya kashi biyu ce. Gindinta yana zaune wuri ɗaya yana shan wutar lantarki, shi kuwa kan da ake riƙewa yana da batir biyu masu caji, yana kuma iya yin nisan kimanin mita 50 a cikin gida, sai dai katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen Zazzau tana rage wannan nisan sosai. A namu gidan tana kaiwa madafa da gindin bishiyar mangwaro, amma da an leƙa zaure sai murya ta fara yankewa.

Aikin da na fara yi shi ne ɗora wa kowane maɓalli lambar mutum ɗaya. Lambar salula a Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma ba adalci ba ne a ce wa dattijuwar da ta haura shekara saba'in ta riƙa danna su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kuskure ba. Ana fara ajiye suna da lamba a rumbun wayar, sannan a ware wa lambar maɓallinta, yadda idan aka danna aka ɗan riƙe, wayar za ta kira da kanta. Na bar maɓalli na 1 domin wasu wayoyin sun keɓe shi ga saƙon murya, na ba Yaya babba na 2, ni na ɗauki na 3, aka ba Gwaggo ta Samaru na 4, mai kawo ruwa kuwa ya samu na 8 bisa umarnin Hajiya da kanta. Da yake ta fi gane ajami a kan boko, sai ƙanwata ta rubuta jerin a 'yar takarda da ajami, muka manna a bayan wayar da salatif.

Inda na sha wahala shi ne wajen nuna sunan mai kira. Kwana biyu na farko Hajiya ta yi ta ƙorafin cewa babu abin da ke fitowa a allon, na kuwa fara zargin cewa an sayar mini da kayan jabu. Ashe saurin ɗauka ne, domin a irin tsarin da akwatinmu ke bi, lambar mai kira tana isowa ne tsakanin ƙarar farko da ta biyu, kuma duk wanda ya ɗauka tun ƙarar farko ya riga saƙon isowa. Na roƙe ta da cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri ki bar ta ta yi kuka sau biyu tukuna." Ta amsa da cewa ita a saninta barin mai sallama a tsaye ba tarbiyya ba ce, amma dai ta yarda.

Da aka wuce wannan, sai lamba ta riƙa fitowa babu suna, alhali na tabbata na ajiye sunayen. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wayar ba ta san kowa ba. Tana gwada lambar da ta shigo ne da waɗanda ke cikin rumbunta, idan suka dace ta nuna sunan. Ni na ajiye lambobin da sifili a farko, su kuwa suna isowa da 234, wato lambar ƙasa ta Najeriya, a gaba, saboda haka ba su dace ba. Sai da na sa kowane ɗaya daga cikinmu ya kira, na ajiye lambarsa kai tsaye daga jerin kiran da suka shigo, na kuma gwada mayar da kira don in tabbatar tana shiga. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa tun daga farko, da na san da ita da ban ɓata yammaci guda ina danna haruffa ba. Babu ƙ da ɗ a maɓallan, don haka Ƙanwa ta koma Kanwa, abin da ya ba mu dariya ganin cewa kanwa ta miya ce.

Yanzu ƙa'idar gidan ita ce, idan suna bai fito ba, ko allon ya nuna an ɓoye lamba, Hajiya tana iya amsa sallama, amma ba ta faɗa wa kowa lambar BVN ta banki ko wata lamba da aka turo, ko da mai kiran ya rantse cewa daga banki yake. Na kuma gaya mata cewa akwai 'yan damfarar da ke iya sa wata lamba ta fito a madadin tasu, don haka idan muryar ta yi mata baƙunta, ta ajiye ta danna maɓallin mutumin da kanta.

Saura matsalar ɗauke wuta, wadda ke kashe gindin wayar ko da batirin kan a cike yake. Lambobin da aka ajiye ba sa gogewa, agogon ne kawai yakan rikice, kuma na magance abin da jona gindin da akwatin a layin sola. Na kuma koya mata kulle maɓallai, bayan da jikanta mai shekara uku ya danne na 2 ya yi ta yi wa Yaya gwaranci har katin ya ƙare, ita kuwa tana kan sallaya tana jin sa ba ta da halin tsawatarwa.